Tagwayen da suka rabu a hanya: ɗaya a mahaifa, ɗaya a bututu

Matar tana kwance a gadon sikanin, mijin na tsaye bakin labule ya rungume jakarta. Shekararsu shida da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai bana, bayan ta yi wata uku tana shan ƙwayoyin nan masu sa ƙwai ya fito. Mai sikanin ya matsa mata man nan mai sanyi a mara, ya ɗora kan na'ura, ya ɗan juyo musu da allon. Ga mahaifa, ga 'yar baƙar jaka a tsakiyarta, ga wani ɗigo yana ƙyafta-ƙyafta. "Alhaji, matso ka gani, bugun zuciya ke nan. Sati bakwai, ya zauna daram." Matar ta ce, "To likita, ciwon nan da ke sukata ta gefen dama fa?" Ya ce ai mahaifa ce ke buɗewa, kowace mai sabon ciki tana jin haka, ta samu farasitamol ta sha. Duka-duka ba a yi minti uku ba aka kira ta gaba.

Bayan kwana tara aka shigo da ita asibiti da tsakar dare, ranga-ranga. Banɗaki ta shiga jiri ya kwashe ta. Tafin hannunta fari fat, gumi na keto mata, ta riƙe kafaɗa tana cewa kamar ana soka mata wuƙa. Mijin kuwa takardar sikanin yake nuna wa duk wanda ya tunkaro su: an duba fa, cikin yana mahaifa, ga shi a rubuce.

Ba wata mace takamaimai nake nufi ba, yadda abin ya saba zuwa ne na zayyana. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Akwai ciki a mahaifa, lafiyarsa ƙalau. Sai dai akwai na biyu da ya maƙale a bututun ƙwai na dama, ya yi ta girma har bututun ya fashe, jini na ta zuba a cikin cikinta ko ɗigo bai fito waje ba. Likitoci na kiran wannan heterotofik: ciki biyu a lokaci guda, ɗaya a mazauninsa, ɗaya a inda mutanenmu ke cewa bayan mahaifa.

Wannan "bayan mahaifa" ma yana ɗan rikita mutane, sai su zaci ɗan tayin ya zagaya ne ya laɓe ta bayanta. Mahaifa tana da bututu biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa wajen santimita 10, ramin cikinsa kuma a inda ya fi matsewa bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. A cikin bututun nan ƙwan mace ke haɗuwa da maniyyi. Daga nan wasu 'yan gashi-gashi da ido ba ya gani su riƙa tura shi a hankali, kwana uku zuwa huɗu, har ya faɗa mahaifa. In bututun ya taɓa ciwo ya warke da tabo, gashin ya lalace, sai tafiyar ta yi nawa. Shi kuwa ɗan tayi ba ya jira, ranar mannewarsa na cika zai kafa saiwa a duk inda ta riske shi. Ciki 1 zuwa 2 cikin 100 haka yake ƙarewa, kuma fiye da 9 cikin 10 na irinsu a bututu suke. Ragowar su ne masu zama a kusurwar mahaifa, ko gidan ƙwai, ko bakin mahaifa, ko tabon tiyatar haihuwa, ko can tsakanin hanji.

To heterotofik, in an sauƙaƙa shi, tagwaye ne na ƙwai biyu, irin waɗanda ba sa kama da juna. Tare suka taso, ɗaya ya isa gida, ɗaya ya yada zango a hanya. Na hanyar ba shi da makoma. Mabiyiyarsa tana huda bangon bututu tana neman jini, bangon kuwa siriri ne, ba a yi shi don buɗewa ba. In a matsattsen wurin ya zauna yakan fashe tun sati 6 zuwa 8, in a faffaɗan wurin ne ya ɗan ƙara kwana. Na kusurwa, da yake naman mahaifa ya kewaye shi, yana iya kaiwa sati 12 zuwa 16, kuma ranar da ya fashe jininsa ya fi na kowanne ɓarna, don manyan jijiyoyi biyu a nan suke haɗuwa.

Daga ina aka samo 1 cikin 30,000?

Sanin cewa ciki na iya zama a wajen mahaifa ya daɗe. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan fiɗa na Andalus a ƙarni na 10, ya rubuta labarin matar da ƙasusuwan ɗan tayi suka riƙa fitowa daga wani kumburi a cikinta. Ciki biyu a wuri biyu kuwa Bafaranshe Duverney ake jingina wa fara bayyana shi a 1708, kuma a jikin gawa ya gani, bayan mai afkuwa ta afku. Adadin da ɗaliban likitanci ke haddacewa, wato heterotofik 1 cikin ciki 30,000, ya fito ne a 1948 daga wasu likitoci biyu a Amurka, DeVoe da Pratt. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba mata suka bi suka ƙirga ba. Lissafi suka buga a takarda: yawan cikin bayan mahaifa a wancan zamani, sau yawan tagwayen ƙwai biyu.

Wannan kuwa ya shafe mu, domin in lambobin nan biyu suka canza dole amsa ta canza. Afirka ta Yamma na cikin yankunan da suka fi haihuwar tagwaye a duniya, har garin Igbo-Ora a jihar Oyo ya yi suna da haka. Mu ma dangi nawa ne babu Hassan da Usaini? Ga kuma abubuwan da ke lalata bututu: ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa aka yi masa maganin jeka-na-yi-ka, cutar da ke shiga bayan ɓari ko haihuwa a wuri marar tsafta, har da tarin fuka da kan sauka a mara. Likitan da ke aiki a Kano ko Maraɗi ya riƙe 30,000 a matsayin hujjar ƙin dubawa, da lissafin wata ƙasa da wani zamani yake aiki.

Abin da ya fi sauya lissafin shi ne maganin neman haihuwa. Tun farkon dashen ciki, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, matsalar take. Steptoe da Edwards, waɗanda aka samu Louise Brown, jaririyar farko da aka haifa ta wannan hanya, ta hannunsu a Ingila a 1978, cikin farko da suka yi nasarar dasawa kafin ita a bututu ya zauna, suka ba da rahotonsa a 1976. Mutum zai yi mamaki, ɗan tayin da likita ya ajiye da hannunsa a tsakiyar mahaifa, me zai kai shi bututu? Ai ba nan take yake mannewa ba. Yakan ɗan yi yawo a ruwan da ke ciki, mahaifa na motsi, sai ta iya tura shi ƙofar bututu. Lafiyayyen bututu ya dawo da shi, mai tabo ya riƙe. In aka zuba biyu ko uku don "ko ɗaya ya kama", kamar yadda ma'aurata kan roƙa saboda tsadar aikin, adadin heterotofik na iya hawa har wajen 1 cikin 100. Yana cikin dalilan da suka sa ƙasashe da dama suka koma dasa guda ɗaya a daskarar da sauran.

Dashen ciki dai na masu hali ne, kuma su ana bin su da sikanin. Wadda ta fi ba ni tsoro mai Clomid ce. Ƙwayar nan aikinta ta sa gidan ƙwai ya saki ƙwai, wani lokaci fiye da ɗaya, a garuruwanmu kuwa sai mace ta aiki yaro kemis ya sayo mata don ƙawarta ta sha ta samu. Ba wanda ya duba mata bututu kafin ta fara, alhali wataƙila ciwon bututun ne ma ya hana ta haihuwa tun farko.

Inda gwaji ke yaudara

Ga cikin bayan mahaifa na yau da kullum, likita na da sandar da yake dogarawa, wato sinadarin hCG da mabiyiya ke fitarwa, mai sa layi biyu a tsinken gwajin fitsari. A lafiyayyen ƙaramin ciki yawansa a jini yakan kusa ninkawa duk kwana biyu, a na bututu kuwa sau da yawa jan ƙafa yake. In ya haura wajen 1,500 zuwa 2,000 aka leƙa mahaifa ba komai, hankalin likita ya tashi. A heterotofik sandar ta karye. Mabiyiyar da ke mahaifa tana zuba sinadarin yadda ya kamata, lamba na hawa gwanin sha'awa, mahaifa kuma ba fanko ba ce. Ɗan baƙin jinin nan da mai cikin bututu kan riƙa gani, wanda shi ke kai mata da yawa asibiti da wuri, shi ma sau da yawa ba ya zuwa, domin cikin da ke mahaifa ya riƙe shimfiɗarta.

Saura sikanin, kuma a nan gizo ke saƙar. Na'urar tana iya gani, idon mai riƙe da ita ne ke tsayawa da wuri. An koya wa kowa cewa ganin ciki a mahaifa ya kore zargin na waje, kuma sau dubbai hakan daidai ne, har ya zama jiki: da an ga bugun zuciya sai a auna tsawo, a buga takarda, a yi barka. Ga mata sun cika benci a waje, kowace na jiran a kira ta. Amma juya kan na'ura dama da hagu a nemo gidajen ƙwai, a duba abin da ke gefensu, a leƙa bayan mahaifa ko ruwa ya taru, 'yan mintoci ne kawai. A takardar sikanin akwai layin da ake rubuta adnexa, wato gefunan mahaifa. Mai ciwon mara da ta karɓi takarda ta ga ba a ce komai a kansa ba, tana da haƙƙin ta koma ta tambaya ko an duba.

Sikanin ta kan mara a sati 6 ko 7 ganinsa gajere ne, balle in mace na da jiki. Wanda ake yi ta gaba da siririn kan na'ura shi ke kusantar bututu har ya nuna ƙullutun da bai fi gyaɗa ba. Mata da yawa na ƙinsa, wasu don kunya, wasu don an ce musu yana zubar da ciki. Ba ya zubarwa. Kunya kuwa da maganinta, a nemi mace ta yi, ko a sa nas ta tsaya a ɗakin.

Ko an duba ɗin ma ba kullum abin ke fitowa ɓaro-ɓaro ba. Sa'a ce a ga jaka a gefe da ɗan tayi da bugun zuciyarsa. Galibi wani dunƙule kawai ake gani, ko zobe mai kauri. Kowace mai sabon ciki kuwa tana da wani halastaccen ƙullutu a gidan ƙwai, gurbin da ƙwan ya fita ya bari, kuma a allo su biyun kamar an tsaga kara. Dabarar gwanaye ita ce su ɗan danna da kan na'urar: in ƙullutun ya tafi tare da gidan ƙwai, nasa ne, in ya zame gefe shi kaɗai, na bututu ne. Wadda aka yi wa allurai na dashen ciki kuma gidajen ƙwanta kan kumbura su kai girman lemo ko fiye, har ruwa ya taru a ciki, a wannan cunkoso ɗan cikin bututu sajewa yake. Don haka sikanin ɗaya ba ya rufe magana in ciwo bai daina ba, a sake bayan 'yan kwanaki. Mafi yawan waɗanda ake ganowa tsakanin sati 5 da 8 ne, amma da yawa sai a gadon tiyata ake tabbatarwa.

Alamomin fashewa kowane magidanci ya kamata ya sansu, don shi zai nemo mota. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, daga baya ya bazu. Jiri in ta miƙe, ko suma. Jin kamar bayan gida ya matse ta, ta je ba komai, saboda jinin da ya taru a ƙasa yana danna dubura. Sai ciwon kafaɗa, wanda ya fi rikita mutane: in ta kwanta jinin kan malala ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuwa da ta kafaɗa tushensu ɗaya. Ja fatar idonta ƙasa za ka ga ta yi fari. Da irin waɗannan alamu ake ce wa mace taifot ne, ko olsa, a ɗaura mata ruwa a kemis a kwana.

Ma'aikata ma da nasu tarkon. Matashiya mai ƙarfi tana iya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na jininta ko fiye, awon hawan jini a hannu bai faɗi ba, don jiki na matse jijiyoyi yana rufa asiri. Bugun zuciya ke fara tonawa, ya haura 100, ya haura 120. Jinin babbar mace duka bai fi lita 5 ba, ciki kuwa yana iya ɓoye lita biyu. A gaggauce akan ɗora sikanin ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in aka ga ruwa tsakanin hanta da ƙoda, jinin ya yi yawa ke nan, sai ɗakin tiyata. Inda ba na'ura tsohuwar dabara tana nan: a soka allura a zuƙo, in jini ya fito ya ƙi daskarewa, wanda ya taru a ciki ne. Rashin fitowarsa dai ba ya wanke zargi.

Akwai wata fuska da ta fi wannan ɓoyuwa. Wani lokaci na mahaifar ne ke fara lalacewa. Mace ta yi ɓari, a yi mata wankin ciki, kowa ya ga abin da ya fito da idonsa, a yi mata jaje ta koma gida. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan sati ɗaya ko biyu ciwo ya taso, da ita da nas duk su ce na bayan wanki ne. Wa zai kawo cikin bututu a ransa ga matar da aka wanke wa ciki kwanan nan? Shi ya sa ake so a maimaita gwajin fitsari sati uku bayan ɓari. In har yanzu layi biyu ne, ko laulayi ya ƙi tafiya, da sauran magana.

Cire ɗaya a tsira da ɗaya

In an gano, tambayar farko da miji kan yi ita ce, "Likita, ba yadda za a yi a mayar da shi cikin mahaifar?" Babu. Da zarar an raba mabiyiya da inda ta kafa saiwa ba ta sake kamawa a wani wuri. Ta fuskar addini ma ni ban ga abin ɗar-ɗar ba. Cikin da ba zai rayu ba, wanda barinsa na iya tafiya da uwa ya tafi da ɗan'uwansa, cire shi lalura ce.

Cikin bututu shi kaɗai, in an kama shi da wuri, sau da yawa allurar metotirezet ta isa. Tana hana mabiyiya girma, abin ya bushe a hankali ba tare da wuƙa ba. A heterotofik wannan ƙofa a rufe take. Ta jini maganin yake bi, bai san na bututu ba bai san na mahaifa ba, ko ya kashe na mahaifar ko ya bar shi da nakasa. Ba a waiwayarsa sai in na mahaifar ya riga ya lalace.

Saboda haka tiyata ce babbar hanya. Asalin aikin tun 1883 yake, lokacin da Lawson Tait, likitan fiɗa na Birmingham, ya buɗe cikin wata mata ya ɗaure bututun da ya fashe ya cire, ta tashi, a zamanin da irinta sai dai a zuba mata ido. Yau inda akwai kayan aiki ana yi ta 'yan huji uku ko huɗu da kyamara, abin da ake kira lafaroskofi: ciwo kaɗan, kwana ɗaya ko biyu a sallame ta. Inda babu, ko jini ya riga ya cika ciki mace na fita hayyacinta, a yanka mara a shiga kai tsaye. A asibitocinmu na ƙananan garuruwa wannan ɗin ake yi, kuma ba abin rainawa ba ne. Ɗaukar mai zubar jini a yi tafiyar awa uku da ita neman asibitin kyamara, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Aikin yana da ƙa'idoji na daban saboda baƙon da ke kwance a mahaifa. Ba a zura ƙarfen nan da ake juya mahaifa da shi ta bakinta, ba a damƙarta ana jujjuyawa, iskar da ake hura ciki da ita a lafaroskofi ma ana rage ƙarfinta. Kuma galibi bututun gaba ɗaya ake cirewa, maimakon a tsaga shi a kwashe abin ciki a bar shi. Dalilin ya kamata a fahimce shi, don mata kan ji ciwon rasa bututu. In aka tsaga aka kwashe, wani lokaci ɓurɓushin mabiyiya na saura ya ci gaba da girma. Ga wadda ba ta da wani cikin, awon hCG zai tona shi a bi shi da allura. A nan kuwa awon ba zai nuna ba, allurar kuma ba hali. Gara a yi mai gaba ɗaya.

Sai wancan ƙullutu na gidan ƙwai. Likitan da bai natsu ba yana iya ganinsa ya ce bari ya haɗa ya share, alhali shi ke samar da sinadarin furojestaron da ke riƙe cikin har wajen sati 7 zuwa 10, kafin mabiyiya ta karɓi aikin. In dole ta sa aka cire shi, sai a ɗora mace a kan furojestaron, na allura ko na matsi, har ta wuce wannan gaɓa.

Abin da dangi suka fi tsoro allurar barci ce. Uwar miji ta ja likita gefe: "Ɗan nan, wannan allura ba za ta taɓa abin da ke cikin ba?" Magungunan barci na yanzu, na ɗan lokacin aiki guda, ba a san su da nakasa ɗan tayi ba. Abin da ke kashe shi ƙarancin jinin uwa ne, don in jini ya yi ƙasa jiki kan janye shi daga mahaifa ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Duk awar da aka ɓata ana jiran mai sa hannu, ko ana kiran ƙannen miji a waya su zo a gwada jininsu, daga rabon na mahaifar ake cirewa. A asibitoci da dama na Afirka ta Yamma, in ba jini a ajiye, akan kwashi wanda ya zuba a cikin matar, in sabo ne mai tsafta, a tace a mayar mata. Wadda rukunin jininta nagatif ne kuma a tuna da allurar anti-D, mai hana jininta yaƙar jinin ɗan da ke ciki, cikin awa 72, ko don ɗan da ya rage.

Wuraren da suka fi wuya su ne na jikin mahaifar kanta: kusurwa, bakin mahaifa, da tabon tiyatar haihuwa, wanda ke ƙaruwa yadda tiyatar ke ƙaruwa. A nan wuƙa na iya ɓalle jinin da sai an cire mahaifa dungurungum. Ƙwararru kan bi sikanin su zura doguwar allura cikin jakar da ke waje, su zuba gishirin fotasiyam ko ruwan sukari mai kauri, bugun ya tsaya, maganin bai zagaya ya isa ɗayan ba. Tsugune dai ba ta ƙare ba, domin mabiyiyar na iya daɗewa da rai ta yi jini, wasu matan daga baya sai an yi musu tiyatar. In kuwa an yanke kusurwa aka ɗinke, to an bar tabo a mahaifar da za ta yi wata shida nan gaba tana buɗewa. Irin wannan mace galibi ba a jira ta yi naƙuda, ranar tiyata ake sa mata. Duk wannan aikin asibitin koyarwa ne.

Akwai kuma zuba ido. In na wajen ƙarami ne, ba bugun zuciya, ba ciwo, ba jini a ciki, wasu likitoci kan jira ya bushe da kansa suna maimaita sikanin. A littafi zaɓi ne. Ga matar da gidanta ke bayan rafi, wadda in dare ya yi ba mota sai babur, ni ban ɗauke shi zaɓi ba, sai in a gadon asibiti za ta yi jiran.

Abin mamaki shi ne juriyar na mahaifar. A alƙaluman da likitoci suka tattara, kusan biyu cikin uku ana haifarsu da rai, har da waɗanda aka yi wa uwarsu aiki bayan bututu ya fashe. Haɗarin ɓari ya fi na sauran masu ciki, don haka washegari akan turo na'ura bakin gado a sake neman ɗigon nan mai ƙyaftawa, a kuma sake bayan sati ɗaya ko biyu. In bututu kaɗai aka cire ba a taɓa mahaifa ba, mace na iya haihuwa da kanta. Za ta daɗe tana shan maganin ƙarin jini, domin da bashin jini ta shiga sauran watannin. 'Yan dubiya kuwa su yi hattara da bakinsu. Suna barka an tsira, ita ta san biyu ne ɗaya ya tafi, kuma ga wadda ta yi shekara shida tana jira ba ƙaramin abu ba ne.

Cire bututu ɗaya ba ya rage damar haihuwa da rabi kamar yadda ake tsoratar da mata. Wanda ya rage yana iya cafko ƙwai har daga gidan ƙwan ɗaya gefen. Sai dai abin da ya lalata na farkon sau da yawa ya taɓa na biyun, shi ya sa kusan 1 cikin 10 na matan da suka taɓa cikin bututu kan sake yi. Duk ranar da ta sake ganin layi biyu, ba za ta jira wata huɗu kafin ta fara awo ba kamar yadda aka saba. A sati 6 zuwa 7 za ta je a yi mata sikanin ta gaba, ta gaya wa mai yin da bakinta cewa an taɓa cire mata bututu, na dama ne ko na hagu, da kuma ko ta sha maganin haihuwa a wannan karon.